Sunan da Goggo Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Ban sami jana'izar Goggo ba. Kafin saƙo ya iske ni a kwaleji, kafin jirgin ƙasa ya sauke ni Gusau in sami motar Sakkwato, har an yi sadakar uku. Na shiga Wurno da la'asar a bayan wata mota da ta zo ɗaukar albasa. Na tarar da gidan cike da mata, tabarmi har bakin rijiya. Turminta na kife a gindin bango. Shi na fara gani, shi ne kuma ya tabbatar mani, domin Goggo ba ta kife turmi sai za ta yi tafiya mai nisa.

"Ku matsa, ga uwar mamaciya ta iso," in ji wata tsohuwa. Aka buɗe mani wuri a tsakiya, inda manya ke zama, ni da ban kai shekara ashirin ba.

Ƙawar Goggo ta tun ƙuruciya, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu, ita ta riƙe hannuna. Sun yi shekaru suna faɗa a kan kaji. Ta ce, "Yanzu wa za shi zage ni? In na kwana ban sha zagin baiwar Allah wagga ba, sai in ji jikina ba daɗi." Mata suka yi dariya, dariyar ta juye kuka a bakinsu. Wata da ta zo daga Kwargaba ta ce lokacin da ta haihu ba ta da kowa, Goggo ce ta bar sana'arta ta je ta dafa mata ruwan wankan jego har ta yi arba'in, tana yi tana mita. Wata 'yar Goronyo ta ce ita ko cikin duhu aka miƙa mata gabun Goggo ta san shi, kuma daga yau miyarta ta yi maraici.

A zaure kuwa mahaifina na zaune cikin maza yana karɓar gaisuwa. An ce mani da aka tsaya sallar gawa ya koma gefe ya sunkuyar da kai, amma da aka je kushewa shi ya riƙa miƙa ruwan kwaɓa ƙasa, da hannuwansa waɗanda ciwo ya rage wa yatsu. Ba wanda ya hana shi.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta yi riƙona tun daga yaye. Ta haihu, amma ba ɗan da ya rayu. Waɗannan matan da ke ba da labarinta su ma tsofaffi ne, in sun tafi labarin ya bi su. Ni ban iya daka ba, ban iya kaɗi ba, ta gaji da koya mani. Abin da na iya rubutu ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sai dai in faɗa tun da wuri, don kada mai karatu ya rikice: ni Kirista ce. Goggo kuwa Musulma ce, a kan sallarta ta rayu, a kanta ta cika.

Yadda aka yi haka, daga Baba ne. Shi ne autansu. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin mishan da ke kusa da Sakkwato. A can ya warke, a can ya ba da gaskiya ga Almasihu, a can ya auri Innata, wadda ita ma jinya ta kai ta. Da aka yi masa baftisma ya ɗauki sabon suna. Goggo ta yi kukan addinin, amma abin da ya fi tsaya mata a rai sunan ne.

"Ni nib ba ragon sunanai dussa da hannuna," haka take cewa. "Suna ba riga ba na, da za a tuɓe in an samu sabuwa."

Daga ranar ta daina yi masa magana kai tsaye. Ba ta yanke zumunci ba, tana aika masa da gero da wake, amma in suna wuri ɗaya sai ta nemi wanda za ta bi ta kansa.

Lokacin da aka haife ni Baba ya riga ya koyi wankin miki da ɗaurin rauni, yana aiki a ɗakin shan magani na Rabah. A tsarinsu ba a yanka rago, addu'a ake yi. Ana gobe suna sai ga Goggo ta shigo gida da ƙafa tun daga Wurno, tana jan ragon da ta yi kiwo. Innata ta sha ba ni wannan labari tana dariya. Goggo ta ɗaure ragon, ta wanke ƙafa, ta dubi Innata.

"Gaya ma mai gidanga, ɗiyar gidanmu ba ta zama ba rago kamar ɗiyar tsuntsu."

Baba na tsaye kusa da ita. Ya ce, "Yaya, ga ni nan, ina jin ki."

"Gaya mai ban da kunnen jin baƙo."

Da safe ta kira wani malami maƙwabci ya yanka ragon, ta ce a sa mani sunan mahaifiyarsu, wadda ta rasu a Goronyo Baba na kwance asibiti, bai ga gawarta ba. Baba bai yi musu ba. Innata ta ce juya baya ya yi yana share ido.

To daga nan sunan ya shiga ɓoye. Goggo ba ta faɗinsa don na uwarta ne, Baba ma haka, Inna kuwa ba ta faɗa don ni ce 'yar fari. Goggo ta kira ni "Uwata", unguwa duka ta ɗauka. In na yi ɓarna sai ta ɗaga muciya, ta tsaya, ta ce, "Don dai ba a dukan uwa." Sai ta doki ƙasa.

Sana'arta gabu. In an cire albasa a fadama, ganyen da manoma ke zubarwa shi take kwasowa, ta daka, ta dunƙula, ta shanya bisa rufin ɗaki, masu zuwa kasuwar Goronyo su tafi mata da shi. Takan ce, "Albasa ta mai gona ta, ganye na mai haƙuri." Hannunta bai taɓa rabuwa da wannan ƙamshi ba. Ni kuwa in ta sa ni tsaron shanya, sai idona ya bi balbelu da ke tashi daga fadama su yi gabas, har akuya ta hau ta yi ɓarna ban sani ba. Sai in ji ta tana gaya wa ƙawarta ta kan katanga, "Ga ta nan zaune, amma ta tahi. Ku jira ta dawo."

Babban faɗanta da Baba a kaina ne. Ta sa ni makarantar allo, shi kuma ya zo ɗaukata zuwa makarantar mishan. Ranar ce kawai na ga ta dube shi ido da ido, ta manta ba ta yi masa magana. "Ka ba ni, ka amshe? Yau na ga mai ba da kyauta da igiya." Aka yi ta kai da komo, sai da kawunsu ya shiga tsakani. Aka tsaya a kan karatu na Baba ne, hutu kuwa kowane iri na Goggo.

Hutun farko, da asuba na ji an taɓa ƙafata.

"Uwata, tashi. Ni na gai da Ubangijina, ke hwa?"

Na ce mata cikin barci mu ba mu da ƙayyadadden lokaci.

"Wane irin bawa na ba shi da lokacin gai da ubangidanai? Tashi ki yi irin taku. Gidanga rana ba ta riga mutum gai da Allah."

Haka muka yi shekaru. Tana bisa buzunta da tasbaha, ina durƙushe a bakin tabarma. Ba ta ɓoye abin da take roƙo ba, a fili take cewa Allah ya dawo mata da ni hanya. Ni ma ina yi mata nawa roƙon a zuci. Kowa na nema wa ɗan'uwansa abin da ya ga ya fi, sannan mu tashi mu hura wuta.

Bara aka ɗauke ni kwalejin horar da malamai mata ta mishan, can kudu da Zariya. Ban taɓa nisa irin wannan ba. Goggo ta cusa mani ƙullin gabu a ƙasan akwati ban sani ba, kafin in isa duk kayana sun ɗauka. Abokiyar ɗakina, wata doguwa mai barkwanci daga ƙasar duwatsu, ta toshe hanci ta ce, "Sakkwato ta iso tun ba a gan ta ba." Da miyar makaranta ta ishi 'yan matan ɗakinmu kuwa, su suka riƙa bina suna roƙon ɗan gutsure.

Amma ba gabu ne ya dame ni ba. Sauran 'yan matan daga garuruwan da kowa Kirista ne suka fito. Sun san waƙoƙi tun suna goye, suna rera su murya-murya kamar ruwa na bin kwari. In na ce daga Wurno nake, sai a dube ni. "Bahaushiya? Kin tabbata ba ɓatan hanya kika yi ba?" Wasa suke yi, amma maganar ta zauna mani. A gida ni ce 'yar Nasara, a nan ni ce 'yar Musulmi. Na fara tambayar kaina abin da ban taɓa tambaya ba. Baba ya gamu da Almasihu a kan gadon ciwo, lokacin da 'yan'uwa ke tsoron taɓa ƙwaryarsa. Ni fa, a ina na gamu da shi? Sai na ga bangaskiyata kamar rigar Baba ce na saka, tana jan ƙasa. In an ce mu yi addu'a bakina na motsi, zuciyata kamar rijiyar da ta ƙafe.

Abu ɗaya ne bai bar ni ba. Kullum kafin a buga ƙararrawa sai in farka, kamar an taɓa ƙafata. Ba yadda zan yi in koma barci. Sai in fita bayan ɗakin kwana in zauna a gindin wata ɗorawa, ba don ina da abin faɗa wa Allah ba, don dai jikina ya saba. In gari ya fara haske in buɗe Littafi in karanta kaɗan. Watanni na yi haka ba abin da na ji. Wata safiya na zo wurin da wani kuturu ya tare Yesu a hanya, shi kuwa bai ja da baya ba, ya miƙa hannu ya taɓa shi. Na sha jin wannan tun ina ƙarama. Amma ran nan hannuwan Baba na gani, yadda yake riƙe moɗa da tafuka biyu. Na ga kuma ni ma ina da abin da nake ɓoyewa kada a gani a guje ni, wato wannan rashin wurin tsayawa. Na yi kuka har ƙararrawa ta buga. Ban iya bayyana abin da ya faru fiye da haka ba. Na dai tashi na san ba rigar aro ce a jikina ba.

A makon na ba da sunana cikin masu shirin baftisma. A ikkilisiyarmu ba a yi wa jariri, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa.

Mai koya mana wata Baturiya ce mai kirki, tana Hausa ta hanci. Ta ce yana da kyau mai shiga sabon rai ya ɗauki sabon suna, ya zama alama. 'Yan mata suka yi ta zaɓe kamar ana rabon ɗankunne. Ni ma na zaɓi nawa, sunan wani fure na ƙasar Turawa. Nakan faɗe shi a hankali in ina shara, in ji kamar na zama wata fara tas, wadda ba wanda zai sake tambaya ko ɓatan hanya ta yi. Ban yarda na tuna Goggo ba. In ta faɗo mani a rai sai in ƙara saurin tsintsiya.

Da hutun damina na fara sauka Rabah. Baba ya yi murnar baftisma har ya kasa zama. Da na kawo maganar suna sai ya dubi hannunsa.

"Ni na yi abin da nig ga daidai ga lokacina," ya ce. "Amma naki ba ni nib ba ki shi ba. Tahi Wurno ki gaya mata da bakinki."

Na yi kwanaki a Wurno ina juya maganar. Gero ya yi kai, fadama ta cika har ta haɗe da gulbi. Wata rana da hantsi muna zaune a rumfa tana tsinkar tafasa, na rufe ido na faɗa.

"Goggo, za a yi mani baftisma."

"Mi na na kuma?"

"Za a sa ni ruwa gaban jama'a, in shaida ni mai bin Almasihu ta. Da kaina, ba don Baba ba."

Hannunta ya tsaya. "Irin wanda anka yi ma ƙanena."

"Shi."

"Gulbi ko rijiya?"

"Rafi na, Goggo."

"Ke da ko tulu kinka ɗauko sai kin jiƙe har ƙahwa. Allah shi sa su riƙe ki da kyau, kar ki ga tsuntsu ki bi shi." Wasa ne, amma ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da tsinka, ba ta dube ni ba. "Sunan hwa?"

Na gaya mata. Ta sa na maimaita. Ta gwada faɗa, ya ƙi zama a bakinta.

"Mi shika nuhi?"

"Hure na, na ƙasar Turawa."

"Kin taɓa ganinai?"

"A'a."

"Shina ƙamshi?"

"Ban sani ba."

Na jira zagi. Da ta zage ni da na sami sauƙi, don zagin Goggo kamar ruwan bazara ne, ya zubo da ƙarfi ya wuce, ƙasa ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Uwata ta taɓa mutuwa, na yi haƙuri. In Allah ya ƙaddara ta sake, sai in sake haƙuri." Ta ɗauki ƙwarya ta shiga ɗaki.

Washegari da asuba ta taɓa ƙafata kamar kullum, amma ba ta ce komai ba. Har hutun ya ƙare ban sake jin "Uwata" ba. In za ta aike ni sai ta ce "ke", ko "'yar makaranta". Ba ta rage mani tuwo ba, ba ta ɗaure fuska ba. Sai dai gidan ya zama kamar an cire masa ƙofa. Na gane tana koya wa bakinta zama ba ni, tun kafin in tafi.

Ranar komawa na gama ɗaure kaya, ta tsaya a bakin ɗaki.

"Ke. Mi aka sawa in za a shiga ruwan?"

"Hwarin zane."

"Kina da shi?"

"Makaranta na ba da aro."

"Aro," ta ce, kamar ta tauna tsakuwa.

Ta janyo adudunta daga ƙarƙashin gado. Na san abin da ke ciki, kowa a gidan ya sani. Kamar yawancin tsofaffinmu, Goggo ta daɗe da tanadin likkafaninta. Ita ba ta yarda da yadin kanti ba. Da hannunta ta kaɗa zaren, ta kai wa masaƙi, ta wanke ta naɗe da ganyen ƙamshi. Takan fito da shi ta shanya in damina ta wuce, ta ce tana duba kayan tafiya. Ta warware, ta zaro zane ɗaya daga ciki, ta miƙo mani.

"Goggo, wanga ai..."

"Na san ko mi na, ni nik kaɗa shi. Ki saurara da kyau. Ban ce na yarda ba, kuma ba ni barin roƙon da nika yi maki har in mutu. Amma ɗiyar da nig goya ba ta tsayawa gaban Allah da kayan aro."

"Ke hwa? In..."

"Ina da auduga, ina da mazari. In mala'ika ya yi gaggawa shi jira."

Ya kuwa jira. Matan da suka yi mata sutura sun gaya mani ba abin da ya rage, sai dai zane ɗaya ya fi sauran kaushi, don idonta ya riga ya yi rauni lokacin da ta kaɗa shi.

A cikin jirgi na ɗora zanen a cinya, ban sa shi akwati ba. Gonaki na wucewa, ni kuwa abu ɗaya nake juyawa. Ba ta ce in bar sunan sannan ta ba ni ba. Ba ta ce in fasa ba. Ta san abin da zan yi da zanen, ta san da wane suna nake shirin fitowa daga ruwan, duk da haka ta ba ni, daga cikin abin da ta tanada don tsayuwarta ita kanta gaban Ubangijinta. Kusan shekara guda ana koya mana alheri a aji, cewa kyauta ce da ba a saye, ba a kuma cancanta. Na haddace, na ci jarrabawa a kai. Sai a wannan jirgi na ga yadda yake, yana ƙamshin hayaƙi da gabu. Ban san yadda masana za su ji da wannan magana ba, cewa wadda ba ta bin Almasihu ce ta fahimtar da ni shi. Abin da ya faru ke nan.

Ni ba mai gardama ba ce. Tun da na shiga makaranta ban taɓa ce wa malami a'a ba. Duk da haka na je na tsaya a ƙofar Baturiyar nan. Na ce mata ina so a yi mani baftisma da sunana na yanka.

Ta cire tabarau. Ta ce, cikin taushi, sunan na tsohuwar rayuwa ne, kuma kada in bar tsoron dangi ya rage mani shaida.

Na ce, "Ba tsoro ba ne, Malama. Da tsoro ne da ban gaya mata ba. Matar da ta koya mani tashi in gai da Allah, da sunan nan take ganin uwarta. Wanda ya same ni a gindin ɗorawa da sunan ya same ni, bai jira na canza ba. In na yar da shi a bakin rafi, ban san wadda za ta shiga ruwan ba."

Ta mayar da tabaranta. Ta ce za ta yi addu'a a kai, ta kuma yi magana da Fasto. Bayan 'yan kwanaki ta tare ni a hanyar aji ta ce, "Koya mani faɗinsa daidai. Ina jin tun zuwanki ɓata shi nake yi." Muka tsaya a rana tana maimaitawa, abokiyar ɗakina na bayanta tana danne dariya.

Bayan ruwa ya ɗauke aka kai mu rafi. Na ɗaura zanen Goggo. A cikin fararen yadin makaranta nawa ya fita dabam, ya fi su duhu kaɗan, ga layin ɗinki inda aka haɗa saƙar. Fasto tsoho ne da ya yi yawo ƙasar Hausa. Da na shiga ruwa har ƙugu ya ɗaga murya ya kira sunana cikakke, yadda mutanen Goronyo za su faɗe shi. Sunan da ba a faɗa a gidanmu don girmansa, ga shi yana tafiya bisa ruwa, a gaban jama'a da gaban Allah. Na amsa. Ruwan ya rufe ni, na fito, zanen ya yi nauyi ya manne a jikina kamar goyo.

Da hutun ƙarshen shekara ban tsaya Rabah ba, Wurno na wuce. Na same ta a rumfa da mazari, tana kaɗi, ta kawo zaren kusa da ido. Ban aika mata da labari ba, ina so ta ji daga bakina. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ta tambayi hanya, ta tambayi jirgi, ta tambayi ko Turawa na ba mu abinci ko karatu kawai muke ci. Ta ba ni labarin kajin ƙawarta. Mazari na juyawa, ba ta dube ni ba.

"Ruwan da sanyi?"

"Da sanyi, Goggo."

"Sun riƙe ki?"

"Sun riƙe ni."

"Zanen ya yi?"

"Ya yi. Ba wadda tak kai ni."

Ta gyaɗa kai. Ta naɗe zaren a hankali, ta sake ja, ya tsinke. Ta ƙulla. Sannan, da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san ta da ita ba, ta ce, "To, da wa nika magana?"

"Da uwarki, Goggo."

Mazarin ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, kamar mai duba wata a daren salla. Sai ta ja tsaki, ta goge ido da bakin mayafi, ta tura mani ƙwarya da ƙafa.

"In uwata ta, mi kika jira? Tashi ki dama mani hura. Tun sahe ɗiyarki ba ta sa komi ga baki ba."

Na dama. Ta ce ta yi ruwa, ta shanye duka.

Wannan ne hutunmu na ƙarshe. Ban san yadda Allah ke shirya abin da ya fi ƙarfin saninmu ba, ban kuwa isa in tsara masa ba. Na dai san shi mai jinƙai ne fiye da yadda ni da ita muka iya roƙo, kuma a hannunsa na bar ta. Allah ya ji ƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya ba Baba haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in ya san ta, ya yi mata addu'a irin tasa.